Yaya Tanimu da Zanen Gawayi

Ku matso ku ji, ku da kuka san Yaya Tanimu. Mutumin nan bai taɓa yanka kankana don a sha kawai ba. Sai ya ɗaga yanki ya ce, "Ladidi, wannan kashi nawa ne cikin ɗari?" Ni ƙanwarsa da na tsaya a aji uku! In ce, "Kashina ne, Yaya, miƙo."

Ranar Asabar ɗalibansa na lissafi kan cika mini tsakar gida, kowace tabarma da ƙungiyarta. Sun zaga unguwa sun yi wa mutane tambayoyi, saura su zaɓi zanen da zai nuna amsoshin: mai kamar faifai, mai sanduna, ko mai tafiyar maciji. Ba ya sayen kwali. Gawayina, bangona. In na yi magana ya ce, "Damina za ta goge kyauta."

Ba ya karɓar amsar mutum ɗaya. Wani Auwal sarkin zumuɗi ya ɗaga hannu, Yaya ya dube shi ya ce, "Sauke. Hammatarka muka tambaya? Juya ka shawo kan 'yar ƙungiyarku Blessing."

Makinsu kuwa a bakina yake. Dokarsa ita ce, in ban gane zane ba tare da an yi mini bayani ba, ƙungiya ta faɗi. Su Blessing suka ƙirgo yarukan masu haya a unguwarmu ta Iku, suka tsattsaga faifai siri-siri. Yara suka zuba mini ido, har da mai raɗa, "Goggo, don Allah."

Na ce, "Tayar keke ce?"

Yaya ya ce, "Kun ji. Ba ita ce jahila ba, zanen ne. A koma tabarma." Suka dawo da sanduna, nan take na nuna mafi tsawo. Kai, ihu kamar an kawo wuta!

Da ciwo ya kwantar da shi, ya karɓi biro ya zana mini nauyinsa na wata-wata a bayan kwalin magani. Maciji ne, kansa a ƙasa.

"Kin gane?"

Na gane sarai. Na ce, "Ban gane ba, Yaya."

Ya yi murmushi. "To, laifin zanen ne."

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinsa. Akwai sandunan da ya zana a ƙarƙashin rumfa, inda ruwa ba ya kaiwa. Mai fenti yana ta yi mini naci. Ku ne ni, za ku bari ya shafe?