Dutsen Sama a Makon Yaye

A shekarar da na yaye 'yata ta fari na shiga ajin matan aure da ake yi bayan azahar a firamaren unguwarmu a Bagudo. Turanci na je nema. Na gama sakandare na fito kamar ban shiga ba, kuma na gaji da miƙa wa mutane kwalin magani su karanta mini.

Malamarmu mai son labarin sararin sama ce. Wasu da kaza da kasuwa suke koyar da Turanci, ita kuwa sai ta zo mana da duwatsun da ke yawo tsakanin taurari. Ta rubuta "asteroid" a allo, ta ce dutse ne, wani bai fi turmi ba, wani ya fi garin nan girma. Ta rubuta "impact", wato karon da zai yi da ƙasa, da "crater", ramin da zai bari. Ta ce akwai masanan da ba su da aiki sai gadin sama, har suna koyon yadda za su ture dutsen daga hanya tun yana nesa. Matan ajin suka yi ta dariya, wata ta ce a fara ture mana ruwan gulbi daga gonakin shinkafa tukuna. Ni ban yi dariya ba. Matsoraciya ce ni tun asali, ko tsawa aka yi sai na nemi bango na rakuɓe.

A makon nan aka kai yarinyar wurin mahaifiyata, Inna, wadda ke zaune a wani ƙauye tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Haka ake yaye a danginmu. Kaka ce ke ɗauke yaro, kuma uwa ba ta bari ya gan ta sai ya manta da nono. In ya gan ta, aiki ya koma baya. Ga shi 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in ce wa wani ina kewarta. Ina daka, ina shara, ƙirjina ya cika yana zogi, in an tambaye ni in ce lafiya lau.

Malama ta tafi Birnin Kebbi biki, aka rufe aji. Ran Laraba sai wani labari ya shigo wayar maigidana, da hoton baƙin dutse da duniya a gefensa 'yar ƙarama. Na gane "asteroid" nan take, har na ji daɗin kaina. Na gane Juma'a, na ga lokacin da aka sa, wajen la'asar. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini a kan labarin: "near miss". Na buɗe ƙamus na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana. Ta farko kusa. Ta biyu kuskure, ko kuma budurwa, amma na san ba ruwan budurwa da wannan zance.

Ya kusa kuskure. Na sake karantawa. In aka ce yaro ya kusa faɗuwa, ai bai faɗi ba. To dutsen da ya kusa kuskure mu, bai kuskure mu ba ke nan. Daga baya malama ta gaya mini Turawa nufinsu zai gifta bai taɓa mu ba, kuma abin da suke kira kusa ya fi nisan wata. Har yau ina ganin ni ce da gaskiya, su ne suka faɗi maganar a baibai. Amma ran nan babu mai gaya mini, kuma tsoro ya riga ya shige ni.

Na kai wa maigida maganar da ya dawo daga fadama. Ya saurara yana wanke ƙafa.

"In za shi hwaɗowa, ai nan da can duk guda na," ya ce. "Ina za ki guje mai?"

Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Ban yi tunanin gudu ba. So nake in za a tafi, a tafi 'yata tana goye a bayana. Sai dai ba maganar da zan iya faɗa ba ce, sai na ce ina son in dubo ƙafar Inna da ke ciwo. Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Ƙahwar Inna," ya ce. "To, ki gaishe ta."

Ran Juma'a da hantsi na hau babur ɗin kabu-kabu. Bazara ce, sama fes, ko gajimare babu, kuma ban taɓa tsoron sama mai haske irin na ran nan ba. Muka haye gulbi, muka bi ta cikin gonakin da ake shara. Mutane na ta harkarsu. Na ga wata mata tana shanyar kuɓewa, na ce a raina baiwar Allah, wa zai ci? Duk shahon da ya gitta sai gabana ya faɗi. A bakin iyaka jandarma ya tambaye ni inda za ni, na amsa masa idona na sama, har shi ma ya ɗaga kai.

Inna na tarar a ƙofar gida, ta fito zubar da toka. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Mi yak kawo ki?"

Na gaya mata komai, dutsen da ramin da la'asar. Kalmomin da na koya suka yi ta zubowa, ina faɗa ina fassarawa. Ta bari na gama.

"Ɗiyag ga kwananta nawa tana kuka, sai jiya tas sha hura da kanta. Yanzu ki shiga ki ɓata min aiki? Ba ki ko jin kunyar ɗiyar hwari?"

Na ce ba na ji. Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan, kuma na ga ta lura. Ta kakkaɓe kaskon tokar.

"Zagaya bayan zana ki tsaya. In kin gane dutsen naki tahe, shigo. In ba ki gani ba, kak ki yi ko tari."

Na zagaya. Akwai wata 'yar kafa a zanar daidai fuskata in na ɗan rusuna. Yarinyar tana zaune gindin rumbu, ba riga, an yi mata aski, ta rungume ƙaramar ƙwarya tana kwaɓa fura da hannu. Ta ɗan rame. Tsakanina da ita bai fi in miƙa hannu in ƙara taku ba. Ina ganinta rigata ta jiƙe.

Haka na tsaya, in leƙa ta, in ɗaga kai. Ina roƙon Allah kada abin ya zo, kuma, Allah ya gafarta mini, ina jiran sa, don shi kaɗai ne zai ba ni izinin shiga. Aka kira la'asar. Na riƙe numfashi har aka sallame. Inuwa ta miƙe, awaki suka fara dawowa. Babu abin da ya faɗo.

Inna ta zagayo ta same ni. "Kin gane shi?"

Na girgiza kai.

"To tahi tun da sauran rana."

Sai bakina ya suɓuce na ce to, da ƙarfi kaɗan. A ciki na ji ƙwarya ta faɗi. Na leƙa. Ta miƙe tsaye, ta juyo wajen zanar, tana raba ido.

"Mama?"

Inna ta koma ciki da sauri tana tafa mata hannu, tana nuna mata ɗan akuya. Yarinyar ta sake kira, a hankali, kamar mai tambaya. Na toshe bakina da gefen mayafi, na bi bayan gidaje zuwa inda mai babur yake jirana.