Reshen Inabin Badaru

Badaru ɗan Kudan ne, shekara shida ke nan yana ɗaure kwalayen takalma a shagon Alhaji Mijinyawa da ke kasuwar Murshid Bazaar a Dubai. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Italiya, a 2019, da Alhaji ya je sari ya ɗauke shi riƙon jaka. Amma ka kuskura ka ambaci ƙasar a gabansa, ranar sai abincinka ya huce.

Da aka gama sari suka fita buɗe ido. A garuruwan Siena da San Gimignano mai dogayen hasumiyoyi, Alhaji sai ɗaukar hoto yake. Badaru kuwa idonsa na kan tuddai, inabi layi-layi iyakar ganinka. Babansa na da 'yar gonar inabi a gida, kullum kukansa rashin iri mai kyau.

A wata gona suka tarar ana tsinka. Mutumin naka ya naɗe wando, ya ce, "Sannunku da aiki!" ya faɗa layi kamar an kira gayya. Tsohon mai gonar ya ga hannun gwani, ya miƙo masa kwalba. Badaru ya karɓa hannu bibbiyu, don ba a mayar da kyauta.

"Kai, giya ce fa!" in ji Alhaji.

"Subhanallahi!" Badaru ya dire ta a ƙasa, ya nuna reshen inabi da yatsa. Tsohon ya yi dariya, ya yanko masa uku.

A cikin jiƙaƙƙiyar safa rassan suka iso Dubai. Biyu suka bushe. Ɗayan ya kama a gwangwanin fenti, bakin tagar ɗakinsu a unguwar Muhaisnah, kuma a kansa Badaru yake alwalar asuba. Abokan ɗaki har tambayarsa suke, "Ya amarya?" Duk Juma'a sai ya nuna wa Baba ganyen ta waya.

"Ka kula min da shi," in ji Baba. "Na haƙa masa rami kusa da rijiya."

"Da azumi ina tafe, in sha Allahu."

Korona ta tsayar da jirage. Baba ya rasu saura kwana huɗu sallah. Wallahi Badaru ya yi kuka, har yau kewa ba ta sake shi ba.

Bayan sadakar arba'in ƙaninsa Sabo ya kira. "Yaya, ramin nan na Baba, mu cike shi? Kada awaki su faɗa."

Badaru ya dubi gwangwanin. Sababbin ganye biyu sun fito.

"A'a, ku dai rufe shi da kwanon rufi," ya ce. "Ina nan tafe da reshen."