Tukunyar da Kaka Ta Ƙi Fasawa

Kakata ba ta ba da tatsuniya kyauta. Sai hannunka na aiki bakinta ke buɗewa, da ka tsaya ita ma ta tsaya. A ƙauyenmu da ke bayan Fadan Kagoma, idan damina ta matso, ana gama cin tuwo za ta sa a juye buhun irin citta a ɗakin girkinta, mu zagaye murhu muna kakkarya shi ƙanana yadda za a shuka. Ni da yayana Bitrus da yaran maƙwabta ne ma'aikatan. Hayaƙi na cin ido, citta na cin yatsa, amma babu mai tashi.

Hausar Kaka ta kasuwa da coci ce, babu ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a wurinta. Mu 'yan makaranta mukan ƙunshe dariya. Tatsuniyoyin kuwa babu abin dariya a ciki. Yaran wasu gidajen suna jin labarin da mugu ke shan kashi, amma a na Kaka mutumin kirki ne ke fara mutuwa. Mamanmu, wadda ke jan waƙa a zumuntar mata, ta sha ce mata, "Mama, ki riƙa ba su labaran Littafi mana." Sai Kaka ta taɓe baki ta ce, "Littafin ma ai an kashe mutane a ciki."

A ƙuryar ɗakin akwai tukwane uku, ta gyaɗa, ta wake, ta acca. Bayan girbi Kaka kan zaɓi iri mafi kyau, ta cuɗa shi da toka, ta rufe, ta liƙe bakin tukunyar da laka da kashin shanu don kada ƙwaro ya shiga. Kashin shanun daga wurin ƙawarta Inna Hajjo yake zuwa, Bafulatanar da danginta ke sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Da zarar an liƙe, babu mai taɓawa sai ranar shuka, kuma Kaka ce da hannunta za ta fasa liƙin.

Ina shekara takwas na ƙwaƙule ta gyaɗar. Ba yunwa ba ce, kwaɗayi ne zalla. Ta ɓangaren bango na yi ɗan rami daidai yatsu biyu, kullum in zaro 'yan ƙwayoyi in goge tokar a jikin siket ɗin makaranta. Ban san ƙwari ma sun ga ƙofar da na buɗe ba. Ranar da Kaka ta fasa liƙin, gari ta tarar da ƙwari suna yawo a ciki. Ta duba ramin, ta dubi yatsun kowa, ta tsaya a kan nawa. Na yini ina jiran bulala, bulala ba ta zo ba.

Da yamma muka zauna kan citta kamar kullum. Ta gyara itace ta ce, "Ku buɗe kunne, hannu kuma kar ya tsaya. Akwai wani mace, mijinshi ya mutu, ya bar mashi yara biyu. Babba namiji. Ƙaramin mace ne, sunanshi Ladi."

Ladi sunana ne. Yara suka juyo suna kallona, Bitrus ya zungure ni da gwiwar hannu.

Ta ce a wata shekara ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi ido ba, rumbuna suka ƙare tun kafin tsakiyar rani. Mutanen garin suka cinye awakinsu, suka koma ganye da saiwar daji, daga nan suka fasa tukwanen iri suka dafa. Matar nan kaɗai ta ƙi. Tana da tukunyar acca guda, liƙe da kashin shanu, a ƙarƙashin gadonta. Acca ƙanƙanuwa ce, tukunya ɗaya za ta shuke gona guda, kuma ita ce ke riga kowane hatsi nuna. Amma idan aka dama ta kunu, kwana goma ba za ta kai ba.

Babban yaron yana iya tauna saiwa. Ladi ba ta iya ba, cikinta ba ya riƙewa. Ta rame, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Ta san abin da ke ƙarƙashin gadon, sai ta riƙa rarrafawa tana kwantawa a jikin tukunyar tana lasar lakar. Kaka ta sirantar da murya tana kwaikwayonta: "Mama, kunu. Mama, kaɗan." Ta komo da muryarta ta ce, "Uwan ya ja shi ta ƙafa ya fitar."

Ruwa ya sauka. Matar ta fasa liƙin, ta goya Ladi, ta tafi gona tana watsa acca a ƙasa. Yarinyar na bayanta tana miƙa hannu tana kuka, tana ganin abinci na zuba cikin laka, tsuntsaye na sauka suna tsinta. Accar ta tsiro, ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Saura kwana kaɗan a yanka, Ladi ta mutu. Matar ta binne ta a bakin gonar, ta yanke accarta, ta dama wa babban kunu, ta raba wa maƙwabta iri.

Muka yi tsuru-tsuru muna jiran sauran labarin. Bitrus ya ce, "Kaka, sai Ladi ta tashi?"

"Bai tashi ba."

"To uwar fa? Allah bai hukunta ta ba?"

"Ya tsufa," in ji Kaka. "Labari ya ƙare. Ku tara citta."

Na yi kuka har numfashina na sarƙewa. Na tabbata don ta ƙona mini rai ta sa sunana, ta kashe ni a gaban yara saboda gyaɗa. Wata guda ana tsokanata a hanyar makaranta, "Mama, kunu, Mama, kaɗan." Gaskiya na tsane ta a lokacin, kuma ko da na girma ban sake sakin jiki da ita ba. Idan na kawo mata sabulu da sukari daga Kafanchan, inda nake koyarwa, nakan ajiye in gaishe ta a tsaye in fita.

Ranar jana'izar Kaka, bayan an tashi daga sujada, na ga Inna Hajjo zaune can gefe ita kaɗai a kan tabarma. Lokacin har an fara kallon-kallo tsakanin mutanenmu da nasu, shanunsu sun daina sauka a gonarmu, amma ta sa jikanta ya kawo ta a babur. Na kai mata ruwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce Ladi?"

Na ce ni ce, Inna.

"Mai sunan 'yarta marigayiya. Allah sarki. Ni na ba ta kashin shanun da ta liƙe tukunyar nan, ina amarya. Da yunwa ta yi tsanani mun yi kudu da shanu, ko ƙwaryar nono ban bar mata ba. Da muka dawo na tarar da kabari a bakin gona." Ta share ido da bakin mayafi. "Ban taɓa ganin laifinta ba, 'yar nan. Mu ma ba ma yanka karsana ta ƙarshe."

Na zare hannuna daga nata. Na nemi Baba a cikin masu karɓar gaisuwa, na ja shi bayan rumbu na tambaye shi. Sai ya ce, "Ni na sha kunun." Ya ce ranar da aka haife ni Kaka ce ta roƙa a sa mini sunan, kuma ban da yammacin nan da ta ba mu shi a kan citta, ba ta taɓa ba kowa labarin ba.

Shekarar da citta ta ruɓe mana a ƙasa, gona bayan gona, na ga maza suna yawo gari-gari neman iri mai lafiya kamar masu neman magani. Nawa irin acca da na gyaɗa yana cikin bokitin fenti mai murfi, da toka a ciki, kuma yarana sun san ba a taɓawa. Wani lokaci ina kallon autata tana shan kunu, in tambayi kaina ko zan iya jan ta ta ƙafa. Na san ba zan iya ba, zan fasa tukunyar tun kukan farko. Da Kaka irina ce, da su ukun sun ƙoshi kwana goma, sannan a binne su tare, kuma da babu wanda zai haife ni.

Har yau ban ce ta yi daidai ba. Amma duk wanda ya kira "Ladi" ni nake amsawa, kuma duk tuwon da na ci a duniya daga rabon yarinyar nan ya fito.