Kurɓin Farko na Baba Ƙasimu

Duk wanda ke bin layin bayan masallaci a Gyadi-Gyadi ya san Baba Ƙasimu, tsohon nan mai ɗingishi da ke wuni kusa da randa a ƙofar gida. Soja ne a da, ya yi yaƙin basasa, ya dawo ya kama gadi har ƙarfi ya ƙare. Iyakar abin da unguwa ta sani ke nan, sai kuma halinsa guda: ba ya miƙa wa kowa ruwa sai ya fara kurɓa, idonsa cikin idon mutum, sannan ya ba shi moɗar.

To, mutanenmu dai sai a hankali. Wasu suka ce ƙazantar bariki ce, wasu suka ce tofi yake yi don ya mallake mutane. Fiye da shekara hamsin ana wannan gulma, amma ko mutum ɗaya, har 'ya'yan cikinsa, bai taɓa cewa "Baba, me ya sa?" ba. Abin haushin ke nan.

Jikarsa Hafsat marainiya ce, a gabansa ta tashi har ta zama nas. Da dangin saurayinta suka sa ranar zuwa neman aure daga Darmanawa, kowa ya san kakanta ne zai bayar da ita. Sai baffanta Ibrahim ya jibgo ruwan gora, ya ce shi zai karɓi baƙi, Baba ya zauna a ɗaki kada ya sa wa manyan mutane baki a ruwa.

Abin ya tsaya wa Hafsat a rai. Ta sami Baba bayan la'asar yana ɗauraye moɗa.

"Amarya, kin samu mai jini a jika, kin yar da tsohon miji ko?"

"Kai ka jawo, angon ƙarfe. Baffa ya ce ranar Asabar ba za ka fito ba. Wai me ke cikin kurɓin nan ne, Baba?"

Tsohon ya ajiye moɗar. "Ke ce ta farko da ta tambaya. Kira min baffan naki, ba zan faɗa sau biyu ba."

Ibrahim ya zo ya tsuguna, fuska a ɗaure.

"Can ƙetaren kogin Kwara ne, lokacin yaƙi," in ji Baba. "An gargaɗe mu kada mu sha ruwan kowa, wai an zuba guba a rijiyoyi. Harsashi ya same ni a cinya, 'yan uwana suka ɗauka na cika, suka wuce. Na wuni a gonar rogo, harshena kamar ƙirgi. Sai ga wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo da tulu a ka. Garinsu na cin wuta a bayanta, ni kuma ga kaki a jikina. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta miƙo min, na dantse haƙora. Na ce ashe haka ajalina zai zo."

"Sai ta tafi?" in ji Hafsat.

"Sai ta durƙusa. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Ta kalle ni cikin ido, ta kurɓa, ta haɗiye a gabana, ta sake miƙowa. Na sha. Ta yage bakin zanenta ta ɗaure min ƙafa, ta ja ni bakin hanya inda motocinmu ke bi. Ko sunanta ban sani ba. Ku duka, kai da ƙannenka da wannan mai bakin tsiwar, daga ƙoƙon nan kuka fito."

Hafsat ta dubi siririyar ƙafar da ta sha shafa wa man zafi ba tare da ta san hannun da ya fara ɗaure ta ba. Ibrahim ya cire hula ya riƙe.

Ranar Asabar Hafsat ta laɓe bayan tagar soro. Ta ga Baba a kan darduma cikin farar babbar riga, baƙi sun kewaye shi. Ruwan gora na jingine a kusurwa, ba a ko farke ledarsa ba. Ibrahim ya shigo da moɗa cike da ruwan randa, ya durƙusa gaban babban baƙon, ya kalle shi, ya kurɓa.

"Alhaji, haka muke ba da ruwa a gidan nan. Wata baiwar Allah ce ta koya mana, yanzu Baba zai faɗa muku ko wace ce."

Baƙon ya ɗan yi turus, sannan ya karɓa da hannu biyu ya yi bisimilla. Baba Ƙasimu ya gyara zama.