Hantar da Maiguwa Ya Hana Karnuka

Duk mai cin kasuwar Galma ya san Maiguwa mahauci. Shi ne wanda in ya feɗe tunkiya ya tarar da hantarta da ƙulluttai masu ruwa, sai ya gina rami ya jefa ta, ya yayyafa isansi, wato man fetur, ya cinna wuta, karnuka na kewaye suna lasar baki. Abokan sana'a su yi ta tsokana: "Haba Maiguwa, rowar taka har ga kare?" Shi dai sai ya tsaya har ta ƙone ƙurmus.

Da can shi ne sarkin jefa wa karnuka irin wannan hantar. Haka ubansa ya koya masa: abin da ba ka ci, kada ka sayar wa mutane, kare ya fi cancanta da shi. Wannan gaskiyar ita ce abin alfaharinsa. Akwai wani jan kare, Bar-su, da ya yi ƙiba a gindin teburinsa. Ɗiyarsa Hamdiya in ta kawo masa fura, nan take zama tana shafa karen tana cin ƙuli-ƙuli.

Sai cikin yarinyar ya soma tasowa ta gefen dama, a hankali, shekara da shekaru. Ranar da ta faɗi, a bayan moto ta cika, ba su kai asibitin Madawa ba.

Bakin mutane kuwa ba ya rasa abin faɗi. Gidan su Maiguwa sun daɗe da musulunta, amma gwaggonsa A'i ba ta daina yanka jan zakara a gindin tsamiyar kakanni ba. Aka ce ita ta ba iskokin gida yarinyar. Wallahi Maiguwa ya yarda. Ya daina gaishe ta, ya daina aika mata nama. Da ta rasu ya bi gawa don kunyar idon jama'a, ya tsaya can nesa, kansa a juye.

Bayan wasu damuna aka kira mahauta horo a Madawa. Mukhtar, likitan dabbobi, ya jera musu kwalabe da tsila, tsutsotsin hanji, a jiƙe cikin ruwan magani, wata doguwa kamar zaren wando. Sannan ya sa wani ɗan gilashi ƙarƙashin madubin likita, ya ce kowa ya leƙa. Maiguwa ya kanne ido ɗaya. Ya ga wani kai ja, kewaye da ƙananan ƙugiyoyi.

"Wagga ba ta kai ƙwarar shinkafa ba," in ji Mukhtar. "Cikin hanjin kare ta ka zama. Kare ya ci hanta mai ƙulluttai, shi ke nan, ƙwayayenta na bisa gashinai."

Maiguwa bai ɗaga kai ba ya ce, "In yaro ya taɓa karen fa?"

"Ya kai hannu baki? Jakar ruwa ta ka girma cikin hantatai, har ran da ta hwashe."

Na bayansa suna ta "matsa mu gani", shi kuwa ya kasa sakin teburin.

Tun daga ranar, ko salla ya tayar, ƙugiyoyin nan yake gani. Abin da ya fi cin ransa shi ne neman gafara. Kowace Juma'a yana zuwa maƙabarta. Kabarin Hamdiya ya san shi, da hannunsa ya kafa masa fasasshen tulu. Daga nan sai ya shiga bin tudun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana sallama a kan kowanne, don har yau bai san wanne ne na Gwaggo A'i ba.