Gwadabe Mai Tanka

A Unguwar Hajji ta Karaye, in ka ce Gwadabe kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ƙara da Mai Tanka, sai a taɓe baki a nuna maka zauren gidansa.

Da ƙuruciya ya je Kano neman aikin soja, aka dubi tsayinsa aka ce ya koma gida. Ya dawo da wandon kaki na gwanjo da tafiyar fareti, bai sake rabuwa da su ba. Gonar gyaɗa ya gada, mai kyau kuwa, amma a ganinsa fartanya ta yi masa kaɗan.

Wajen 1990 Alhaji Lukumanu, yayan matarsa Lantana, ya dawo daga Makka. Kowa ya samu carbi ko dabino. Shi kuwa Gwadabe aka miƙa masa kwali: tankar yaƙi ta wasan yara, mai batir, wadda ake sarrafawa daga nesa da ɗan akwati mai eriya.

"Ga taka, soja," in ji Alhaji, yana ƙunshe dariya.

Duk wanda ke wurin ya gane zolaya ce, ban da Gwadabe. Hannu biyu ya sa ya karɓa, har da ƙamewa.

Da ya tsaya ga tuƙa ta a tsakar gida, da abin ya zo da sauƙi. Sai ya ga hoton tankar gaske a wata kalanda a shagon aski, an rataya mata shebur, gatari, jarkoki da igiya. Ya dawo ya dubi tasa, ya ce tsirara take.

Daga nan ya tare a zaure. Ya yanka gwangwanin madara ya yi shebur da bai wuce farcen yatsa ba. Ya fafe jarkoki daga robar silifas, ya murza zaren buhu ya zama igiya, sifokin keke ya zama eriya ta biyu. Komai sai ya gwada da tsinken tsintsiya, wai tsawon sojan da zai hau tankar ke nan. In shebur ya ɗara tsinken, sai ya jefar ya sake wani. A faɗi gaskiya, hannunsa yana da kyau. Amfaninsa ne babu.

Wata rana Lantana ta nemi rariyarta, ta tarar an yanke tsakiyarta.

"Malam, da me zan tankaɗe garin tuwo?"

"Ragar ɓuya na yi wa tanka," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ke ba za ki gane harkar tsaro ba."

"Na dai gane ciyawa ta cinye gyaɗarka."

Haka kuwa aka yi. Daminar nan maƙwabta suka tuge gyaɗa, shi ya tuge haki. Lantana ta koma sayen gyaɗa a hannun mutane tana ƙuli-ƙuli, da shi aka ci abinci.

Da aka yi wa Alhaji Lukumanu haihuwa a Gwangwan ta ƙasar Rogo, Gwadabe ya ɗaure tankar a bayan keke ya tafi suna. Bayan an shafa fatiha ya nemi a ba shi fili. Ya yaye ƙyallen da ya rufe ta da shi, sai ga ta kamar jakin 'yan ƙaura: tukwane, bargo a naɗe, buhunhuna ƙanana jere a gaba. Dattawa suka matso, wasu har da salati.

Ya danna ɗan akwatin. Injin ya yi ƙugi, tankar ta ja jiki kamar taki ɗaya, ta tsaya. Ya ƙara dannawa, sai ƙauri ya tashi. Lodin ya fi ƙarfinta. Ana cikin haka wata kaza ta zo ta fara caccakar buhunhunan, ashe gero ya ɗura a ciki don yashi yana zuba.

"Soja, abokan gaba sun shigo!" in ji Alhaji. Wurin ya ɓarke da dariya.

Gwadabe ya kori kazar, ya gyara tsayuwa. "Tanka ba don gudu aka yi ta ba. Wuri ta kama."

Ba ta sake motsi ba har yau. Shi ma bai fasa liƙa mata kaya ba.

Daga baya Ɗanmaliki, mai ƙera fitilun aci-balbal da mazurari a kasuwar Karaye, ya shigo zauren, ya ga ɗan shebur ɗin, ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Malam Gwadabe, wannan hannun naka zai ci da gida. Zo rumfata mu yi aiki."

Gwadabe ya karɓe kayansa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni da nake aikin soja, ka ce in zauna ina ƙera aci-balbal?"

Ɗanmaliki ya sa takalmansa ya fita. Daga cikin gida ana jin Lantana tana daka.