Permi a sama, tumatir a ruwa

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da ƙanin mijina ya zuba mu cikin tafkin Madarumfa da kamiyo ba. Shekaru sun ja, har furfura ta fito masa, amma duk sa'ad da na gan shi yana gyara zaman hula a bakin masallaci, ranar nan ce ke faɗo mini a rai.

Lokacin bai daɗe da dawowa daga Maraɗi ba, wai ya samo permin tuƙin babbar mota. Takardar nan kuwa mun gan ta har ta gundure mu. Ya sa aka liƙe ta cikin leda, ya rataya a wuya kamar laya, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ta leƙo ta saman riga. Da yake akwai wasa tsakanin matar wa da ƙanin miji, na tambaye shi ko da ita yake wanka. Ya ce mai ban-ruwan tumatir ina ta san ilimin mota. Wani Alhaji ya ba shi tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, mu kuma matan garka muka ce tunda na gida ne, shi zai kai mu kasuwar Maraɗi da tumatirinmu.

Bari in gaya muku abin da ni ma sai daga baya na sani. Babbar mota ba ƙarfin ƙafar direba ke tsayar da ita ba, iska ce. Akwai tankuna a ƙarƙashinta da inji ke cika wa iska in yana aiki, in an taka birki iskar ce ke damƙe tayoyi. Babu iska, babu birki. An ce wannan na cikin farkon abin da ake tambayar mai neman permi. Yadda gwanin namu ya tsallake tambayar, Allah masani.

Da hantsi ya ajiye motar a kan tudu, hancinta na duban tafki, aka sa duwatsu a gaban tayoyi, ya kashe inji. Muna cikin loda kwanduna sai ga wani ya turo moto, wato babur, tayarsa ta sace. Gogan naka ya zaro tiyo, ya maƙala a tankin iskar nan, ya cika masa taya. Mutane suka yi ta mamaki, kansa ya kumbura. Kafin ka ce kwabo mai keke ya zo, mai amalanke ya zo, har wanda tayarsa lafiya lau ya zo a ƙara masa. Shi kuwa yana tsaye, hannu a ƙugu, sai ka ce mai rabon hatsi a shekarar yunwa. Inji dai bai tada ba, wai man gazuwal ya yi tsada. Ashe birkinmu yake rabawa sadaka.

Da aka gama lodi ya tada mota, sai wani abu ya kama kuka a gabansa, ƙara mai shiga kunne. Ina tsaye bakin ƙofa, goye da ɗiyata da ko yaye ban yi ba, na tambaye shi lafiya.

"Matar Yaya, hau ki riƙe kwandonki. Haka take rigima kowace safiya."

Ya sa hannu ƙasan sitiyari ya fizge wata waya, kukan ya mutu. Motar tana gaya masa ba ta da iska, shi kuma ya toshe mata baki. Muka hau saman kaya, ya ce a janye duwatsu.

Abin da ya kamata ya yi shi ne ya ɗan gangara, ya karya kwana zuwa hanyar Maraɗi. Muka wuce kwanar a guje. Ina jin dukan ƙafarsa a kan birki, motar ba ta ko kula ba. Mata suka ɗauki salati. Na kwance goyo na rungume yarinyar a ƙirji, ina ganin ruwa yana taso mana. Muka tattake shingen wata garka, muka faɗa tafki. Lakar bakin ruwa ce ta riƙe motar, amma tsayawar da ta yi ta watso mu gaba, mu da kwanduna.

Na miƙe ruwa ya kai mini ƙirji, ƙafafuna sun nutse cikin laka, ko motsi ba na iyawa. Na ɗaga ɗiyata sama da hannu biyu, tana tari tana shiɗewa, tumatir ya yi ja a kan ruwa ta ko'ina. Sai ga shi ya fito daga mota, ya biyo ta gabana, shi ma hannu biyu a sama. Na ce masa, "Don Allah karɓi ɗiyar nan!"

"Bari in kai takarda tudu tukuna, kada ta jiƙe."

Takardar da ke liƙe cikin leda! Ɗiyar wansa, jininsa, tana neman suɓuce mini, shi ya wuce yana ɗaga permi kamar mai ɗauke da jariri. Wani masunci ne da ban san ko sunansa ba ya turo jirgi ya karɓe ta, ya kife ta a cinya har ta amayo ruwa ta tsala kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Tumatirin rani guda dai kifi ya ci. Da aka zo da tarakta aka jawo motar, makanikin Alhaji ya buɗe tankuna, ko iskar hura wuta babu. Gogan ya ce ai sammu aka yi masa, maƙiya ne ke baƙin cikin permi. Mijina ya yi ta ba ni haƙuri, na haƙura, ni da ƙanin nasa muna gaisawa har gobe. Amma wasan da ke tsakaninmu a tafkin nan ya nutse, ban sake tsokanarsa ba.

Yarinyar yanzu ita ma tana da goyo. Abin da ranar ta koya mini, shi nake gaya mata: kafin ki ba mutum amanar ranki, kada ki dubi abin da ya rataya a wuya. Ki tambayi kanki, in ruwa ya kai ƙirji, me zai ɗaga sama.